Sifilin da Na Ba Luba

Har in ajiye alli ba na jin zan manta da Litinin ɗin nan da na ɗauki jan biro na zana wa wata ɗalibata sifili, sannan na rubuta mata kalma guda a ƙasa, na ja mata layi biyu. Kalmar ita ce "ƙage". Ku sabbin malamai da kuke gunaguni wai ina sa ku ƙirga baitocin waƙa da yatsa kafin ku shiga aji, to ku gyara zama, daga nan abin ya samo asali.

Ni Saratu, kun san Kirista ce. Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo, aikin asibiti ya kawo mahaifina Sakkwato, a Mabera aka haife ni, a nan na yi wayo. Hausa na karanta, kuma ba cika baki ba, na iya ta. A lokacin da abin ya faru ni ce shugabar sashen Hausa a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kuma ni ke ɗaukar 'yan ajin ƙarshe darasin rubutattun waƙoƙi na da. Waƙoƙin nan malaman addini ne suka rubuta su. Ba wanda ya taɓa faɗa mini baƙar magana don ina koyar da su, gaskiya ke nan, amma na san ana kasa kunne a ji ko zan yi tuntuɓe. Saboda haka na kama littafin manhaja na rungume. Abin da ke cikinsa na haddace shi har waƙafi, abin da babu kuma ban san da zamansa ba. Da haka na kare mutuncina shekara da shekaru.

A cikin waƙoƙin da aka ɗora mana akwai wata doguwa ta tarihi, mai ba da labarin yadda jama'a suka bar garinsu, suka sha tafiya, sannan aka gwabza yaƙi a bakin wani gulbi. Ƙwar biyar ce, wato kowane baiti layi biyar gare shi, kuma layin ƙarshe na kowane baiti da sauti iri ɗaya yake ƙarewa daga farkon waƙar har ƙarshenta. Wannan shi muke kira babban amsa-amo. Akwai wani wuri a cikinta da nake ji da shi. A wani baiti jama'a na fita daga ƙofar gari, a na gaba kuma sai ga su a bakin gulbi an ja daga. Duk shekara sai in tsaya a nan in buga tebur, in ce wa yara, "Ku dubi gwaninta. Bai ɓata lokaci wajen labarin hanya ba, ya yi tsalle ya kai mu fagen fama. Wannan salo ne." Har suna na raɗa masa, salon tsallake. Yara sun kwafa a littattafansu, wasu ma yanzu malamai ne, Allah ya sa ba su ci gaba da koyar da shi ba.

Ƙa'idar makarantarmu ita ce, a zango na biyu 'yan ajin ƙarshe sukan yi jarrabawar gwaji. Wadda ta faɗi wani darasi a gwajin ba a yi mata rajistarsa a jarrabawar fita. In kuma aka kama yarinya da maguɗi ko ƙarya a takarda, sai an kai ta gaban kwamitin ladabtarwa, kuma sunanta ba ya shiga jerin rajista sai kwamiti ya wanke ta. A wannan shekara ranar Juma'a za a rufe jerin.

Luba, ɗalibar da nake magana, 'yar ƙauyen Kwalkwalawa ce, iyayenta manoman shinkafa. Doguwa, marar hayaniya, kullum tana kujerar ƙarshe kusa da taga. Tun tana aji huɗu ta gaya mini Hausa za ta karanta a jami'a. Ta ce daga fadamarsu ana hango gine-ginen jami'ar, in tana korar tsuntsaye can take kallo. Kun ga ke nan in ba a yi mata rajistar Hausa ba, zancen ya mutu.

Tambayar da na yi a gwajin ita ce su faɗi jigon waƙar, wato babban saƙonta, su kafa hujja da baitoci. Amsar da na koyar ita ce jaruntaka, kuma yara talatin da wani abu duk haka suka rubuta. Ina zuwa kan takardar Luba sai na ga ta ce jigon waƙar haƙuri ne da wahalar hanya, yaƙin kuwa ƙarshen labari ne kawai. Ta kawo baitoci uku. Ɗaya na maganar rijiyoyin da aka tarar sun ƙafe, ɗaya na matan da suka riƙa raba ruwa da ludayi, su ba yara su hana kansu, na ukun kuma na wata tsohuwa da aka binne a gefen hanya aka wuce. Na buɗe littafi na duba, ko da yake na san ba sai na duba ba. Babu ko ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A ganina yarinya ta manta baitocin gaskiya ne ta zauna ta ƙaga nata, ta jingina wa malamin da ya rasu tun kafin a haifi kakanninmu. Kuma na ce a raina, in wannan takarda ta fita aka ji a ajin Malama Saratu ake yi wa waƙar malamai ƙari, me zan ce? Nan take na ba ta sifili, na rubuta kalmar nan, na kai takardar ofishin mataimakin shugaba mai kula da karatu, Malam Bello.

Washegari Talata ya aika aka kira ta, ina zaune. Ya ce, "Ke Luba, ina kika samo baitocin nan?"

Ta durƙusa ta ce, "Malam, cikin waƙar suke."

Na miƙa mata littafin na ce, "To nuna mana shafin."

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ba su cikin littahi, Malama. Amma haka Inno ka rera ta. Ni ban ƙaga komi ba."

Inno kakarta ce ta wajen uba. Na yi dariya, Allah ya yafe mini, na ce, "Ashe Inno ce za ta duba miki takarda a jarrabawar fita?" Yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Malam Bello ya ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis da ƙarfe goma, ta zo da wani babba daga gida.

Da Laraba ta zo ba ni da darasi sai bayan tara. Ina ɗakin malamai ina shigar da maki, sai na ji bakina yana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na saurari kaina, ashe baitin matan nan masu ludayi ne, ya maƙale mini tun Litinin. Abin da ya tsayar da ni shi ne da muryar waƙar nake rera shi, kuma ya hau daram, ko gaɓa ɗaya ba ta yi saura ba. Ku da kuka yi nazarin kari kun san abin da nake nufi. Karin tsofaffin waƙoƙin nan awo gare shi, doguwar gaɓa da gajera kowace da mazauninta. Ni da digirina, in aka ce in ƙaga baiti ɗaya a kan wannan awo, sai na yini ina gogewa. Yaya yarinya za ta ƙaga uku a ɗakin jarrabawa, cikin minti arba'in, da amsa-amonsu daidai, da tsofaffin kalmomin da ni kaina sai na yi tunani kafin in gane su?

Sai na tuna wani abu da ni da bakina nake koyarwa. Marubutan da in sun zo rufe waƙa sukan faɗi yawan baitocinta, don kada wani ya rage ko ya ƙara bayan ransu. Na buɗe ƙarshen waƙar. Mai ita ya ce baiti ɗari da ashirin ya yi. Na koma farko na ɗora yatsa na fara ƙirga. Ɗari da goma sha uku. Na sake, na kuma sakewa. Na ba wata malamar lissafi da ke kusa da ni ta ƙirga, ta ce, "Malama, sha uku ne, ko so kike in ƙaro miki daga gida?" Shekara goma sha ɗaya ina koyar da waƙar nan ban taɓa ƙirga ta ba. Tun kafin in bincika na san inda bakwai ɗin suka faɗi. A daidai wurin da nake buga tebur ne.

Na nufi ofishin Malam Bello na nuna masa. Ya ƙirga shi ma, ya cire tabarau ya ce, "To, littafin ya gaza, na yarda. Amma wa ya ce na yarinyar ne cikon? Kwamiti ba zai karɓi zato ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in fita da an tashi. Zan je in ji da kunnena."

Luba ba ta zo makaranta ba ranar. Ana tashi na tare ɗan kabu-kabu na hau babur ɗinsa, cikin ranar nan ta Sakkwato mai sa kwalta laushi, muka miƙa Kwalkwalawa. Da tambaya na sami gidan. Na yi sallama na shiga, na tarar da wata tsohuwa ƙarama a kan tabarma a gindin darbejiya, tana tsince shinkafa a faifai. Luba na bakin murhu. Da ta gan ni sai ta miƙe, ta ce, "Inno, ga malamarmu."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa lahiya lau, ta tambayi gida da aiki da rana, ba ta rage komai ba cikin gaisuwa. Sai da aka kawo mini ruwa na sha sannan ta ce, "Ke ce mai jan alƙalami?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ce, "To mi ya kawo ki?"

Na yi mata bayani, na ce so nake ta rera mini baitocin nan uku kawai in ɗauka a waya, don gobe da safe ake zama. Har na buɗe jaka ina neman wayar, ina duban agogo. Tsohuwar nan ta ajiye faifai ta ce, "Ɗiyata, ba a soma ta daga tsaka. Yadda anka ba ni ita, daga sunan Allah aka tashi, kuma in an tashi ba a tsayawa sai an kai addu'ar ƙarshe. Haka uwata ta karɓa ga tata uwar. In kina sauri, ki tai, Allah shi kiyaye hanya."

Ni da nake yanka waƙar nan gunduwa-gunduwa a kan allo, baiti biyar yau, biyar mako mai zuwa, ban taɓa jin ta a dunƙule ba. Na ce zan zauna. Sai kuma na ga ya kamata in faɗa mata gaskiya, na ce, "Inna, ni fa ba Musulma ba ce, ko da akwai abin da bai kamata in ji ba." Ta ce, "Na sani, Luba ta hwaɗa min. Ja gyalenki ki ruhe kai ki zauna. Kunne dai gare ki, ko?" Ta aika Luba ta kawo buta, ta yi alwala, ta gyara zama, ta yarda in kunna waya. Ta kafa mini sharaɗi ɗaya, kada in katse ta.

Ta fara. Muryarta siririya ce, tana ɗan rawa, amma ba ta taɓa sauka daga kan kari ba. Na buɗe littafi a cinyata ina bi da yatsa, baiti bayan baiti suna tafiya tare, sai 'yan kalmomi da suka bambanta nan da can. Matan gidan suka bar abin da suke yi suka zo suka zazzauna. Aka zo inda jama'a ke fita daga ƙofar gari. Yatsana ya sauka kan baitin gulbi, ita kuwa Inno ba ta je gulbi ba, ta bi hanya da su. Ga rijiyoyin da suka ƙafe. Ga mata da ludayi. Ga yaran da aka goya har bayan iyaye ya sale. Ga tsohuwar da aka binne aka wuce ba a ko tsaya zaman makoki ba. Ina lanƙwasa yatsu a ɓoye, har bakwai cif, sannan ta iso bakin gulbi ta same ni inda nake jira.

A wajen baitin tsohuwar nan na ga matan gidan suna share ido da bakin zane, alhali sun ji shi ya fi sau ɗari. Ni ma sai da na yi hawaye, ba zan ɓoye muku ba. Kuma a nan na gane yarinyar ta fi ni gaskiya har a jigon. In ka ji wahalar hanyar nan, yaƙin da ya biyo baya ba ya zama abin kirari, sai ka ga mutane ne da ƙishirwa ta kai su maƙura. Wanda ya cire baitoci bakwai ɗin ya canza wa waƙar fuska gaba ɗaya. Ko shafi ne ya ɓace daga rubutun ajamin da aka juya zuwa boko, ko masu buga littafi ne suka rage, har yau ban tabbatar ba.

Ta kai addu'ar ƙarshe ana kiran la'asar. Muka shafa. Na ce, "Inna, na yi kuskure, ki yafe mini." Ta ce, "Ni ba ki yi min komi ba. Amma kalmar da kika rubuta, ba ga Luba ta tsaya ba. Ta hau kaina, ta hau kan uwata da ke kabari. Da hannun da anka rubuta ta, da shi za a goge ta."

Ranar Alhamis ƙarfe goma kwamiti ya zauna, mutum biyar, Malam Bello na shugabanta. Luba ta zo da baffanta. Ban bari an fara yi mata tambaya ba. Na miƙe na ce ni na kawo ƙara, kuma ni na zo in janye ta. Na ba kowa littafi na ce ya karanta baitin ƙarshe, sannan ya ƙirga. Na rubuta baiti ɗaya na littafi da ɗaya na Luba a allo, na raba gaɓoɓinsu, na nuna awonsu ɗaya ne. Malamin Larabci da ke cikin kwamitin ya tashi ya auna da kansa, ya ce ba shakka masaƙa ɗaya ce ta saƙa su. Sannan na ajiye waya a tebur. Wani ya ce a kai mu wurin baitocin kawai, akwai aiki. Na ce, "A yi haƙuri, mai ita ta ce ba a soma ta daga tsaka." Suka dube ni, na dube su. Haka manyan malamai biyar suka zauna suka saurari Inno daga farko har ƙarshe.

Da aka gama Malam Bello ya ce an wanke Luba, a sa sunanta a jerin rajista yau ɗin nan. Amma ya ƙara da wata magana, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce, "Malama, masu duba jarrabawar fita ba su san Inno ba, littafi suka sani. In ta rubuta musu wannan, abin da kika yi mata shi za su yi mata." Na ce na ɗauki nauyin wannan. Daga baya na zaunar da Luba na nuna mata yadda za ta kare jigonta na haƙuri da baitocin da ke cikin littafi kaɗai, don da na sake dubawa da sabon ido na ga akwai su, ni ce ban taɓa lura ba. Na kuma rubuta takarda ta hannun shugabar makaranta zuwa ga masu tsara manhaja. Ba a amsa ba har yau, kuma ban daina tunatarwa ba.

A ranar zaman kwamitin, da muka fito bakin ofis, na ce wa Luba, "Na sake duba takardarki, kin ci goma sha takwas cikin ashirin." Na zaci za ta yi murna. Sai ta ce, "Na gode, Malama. Amma 'yan ajinmu duk sun ji an ce Inno maƙaryaciya ta." Ban san maganar ta kai aji ba, amma ina za ta tsaya? A gabansu aka zo aka kira ta ofis.

Ranar Juma'a darasina ne na farko. Na shiga da takardar a hannu. Na sa kowace yarinya ta buɗe littafin rubutunta inda na sa su rubuta salon tsallake, na ce su ja layi a kai, babu wani salo mai wannan suna, rami ne a littafi na yi masa ado. Aka yi dariya, na bar su suka yi, na cancanta. Sannan na ɗaga takardar Luba sama yadda ta kujerar ƙarshe za ta gani, na ɗauki jan biron nan dai, na soke kalmar, na rubuta a gefe, "Ba ƙage ba ne. Malama ce ba ta sani ba." Na sa hannu. Sai a lokacin Luba ta kifa kai a tebur ta yi kukan da ba ta yi ba tun Talata.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Ku riƙe littafi, da shi za a auna yaranku, kuma ni har gobe ba na wasa da shi. Amma a garin nan waƙoƙin da muke koyarwa ba a littafi suka fara zama ba, suna cikin gidajen da yaran nan suke fitowa kowace safiya. In yarinya ta kawo muku abin da ba ku sani ba, kafin ku buɗe jan biro ku tambaye ta wa ya gaya mata, kuma in ta faɗa kada ku yi dariya.

Luba ta ci Hausarta, ta shiga jami'ar da take hangowa daga fadama. Inno ta rasu damina biyu bayan wannan. Da na je gaisuwa, baffan Luba ya ce mini duk gidan babu wanda ya riƙe waƙar daga farko har ƙarshe sai Luba, ita da muryar da ke cikin wayata. A hanyar dawowa na yi ta tunani, saura kwana ɗaya ya rage in koya wa yarinyar nan cewa abin da ta gada ƙarya ne. Shi ya sa duk shekara nake haɗa darasi biyu wuri guda, in rufe ƙofar aji, in kunna musu Inno, kuma ba na soma ta daga tsaka.